Ciwon Da Aka Zaɓa Masa

Da hantsi Alhaji Muhammad Sani ya zuba maganin ɗansa a masai. Bai aiki kowa ba. Shi da kansa ya kwance murfin robar, ya karkata ta, ƙwayoyin suka gangara, sannan ya jefa robar ta bi su. Ya fito ya wanke hannu da sabulu har sau uku, kamar wanda ya taɓa mushe.

Ramla tana tsaye a bakin madafa, jakar makarantar da take koyarwa rataye a kafaɗarta. Yayanta Sharhabilu, telan da rabin samarin Bodinga suke sa ɗinkinsa ranar salla, yana durƙushe a tsakar gida da leɓe a fashe. Jiya babban wansu Saifuddeen ya ari wayarsa don ya ɗauki hoton buhunan albasa ya tura wa mai saye, sai saƙo ya faɗo daga wata manhaja da maza suke neman maza a cikinta. Saifuddeen ya karanta har ƙarshe. Da safe ya je ya birkice shagon ɗinkin Sharhabilu, ya sami robar magani a ƙasan kwandon zare, da katin asibiti mai sunan cutar da take karya garkuwar jiki.

"Baba," in ji Ramla, "sati uku kawai da ya fara maganin ga. In ya daina sha, mutuwa zai yi."

"Wa yat tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Amma abin da na karanta ke nan."

"Karatun da nib biya." Alhaji ya goge hannu da gefen rigarsa. "Maganin ga ƙarfi shika ba shi. In ya miƙe, ina za shi? Can inda yah hito. Ni ba ni ciyar da saɓon Allah cikin gidana."

Saifuddeen ya ce, "Ko bai koma ba, wa za ya riƙa zuwa amso mai? Duk mai Keke Napep da ke tashar Sakkwato ya san hwuskarmu. Kwana biyu a ce ɗan Alhaji mai albasa na bin layin masu ƙanjamau. Daga nan a tona a gano ɗan luwaɗi ne. Ke kanki wa za ya aure ki?"

Inna Mariya, mahaifiyarsu, tana zaune a kan turmi tana murza bakin zanenta. Ba ta kalli ɗanta ba. "Ramla, rufa mai asiri mukai," ta ce a hankali. "In mutanen gari sunka ji, ba magani za su ba shi ba. Kin san abin da za su yi mai."

A nan tsakar gida, kafin rana ta kai tsaka, aka zauna aka zaɓa wa Sharhabilu ciwo. Saifuddeen ya kawo taifot, Alhaji ya ce taifot tana warkewa da wuri, mutane za su yi tambaya. Inna ta ce iska, Alhaji ya ce ba a taɓa mahaukaci a zuri'arsa ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan ciwon shawara. Ciwo ne na mutunci, yana ramar da mutum, yana daɗewa, kuma ba wanda yake jin kunyar faɗarsa a masallaci.

Washegari aka ɗora shi a mota zuwa Shagari, daga can aka hau mashin zuwa Mandera, gidan Gwaggo Mairama, yayar Alhaji. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watse, tana zaune da awakinta da kajinta da 'yar gonar gero a bayan gida. A duk ƙauyen an san ta da maganin shawara. Ta rungume Sharhabilu tun daga bakin darni tana kuka.

"Sani, mi kunka yi ma yaron ga? Ku bar min shi. Ni nis san kan wanga ciwo."

Ta kuwa san kansa. Mai shawara ba ya cin mai. Ba ya cin nama, ba ya cin ƙwai, ba ya shan nono, ba ya taɓa ƙuli-ƙuli. Tuwo da miyar kuka tsurarta, da kunu marar sukari, shi ke nan. Safe da yamma kuma sai ƙoƙo guda na ruwan saiwar rawaya, wanda take haƙowa da kanta, ta daka, ta jiƙa. Ruwan yana wanke ciki. Gwaggo takan tsaya a bakin makewayi tana jin yadda cikinsa yake zuba, ta ce, "Alhamdu lillahi, cutar ce taka hita."

Ramla tana zuwa duk Asabar. A zuwa na uku ta iske wandonsa, wanda shi ya ɗinka wa kansa, an ɗaure shi da igiyar rama don kada ya faɗi. Suna zaune a inuwar darbejiya bayan azahar, Gwaggo ta tafi ɗebo ruwa.

"Yaya, ka riƙe lambar katinka a ka?"

Ya riƙe. Ya faɗa mata, ta rubuta a tafin hannu. Ya daɗe yana kallon awaki, sannan ya ce, "Ba ki tambaye ni komi ba."

"Ba tambaya na zo yi ba."

"To bari in hwaɗa miki, ko don wani ya ji da bakina." Ya yi tari, ya huta. "Shekara goma ina tsammanin ni kaɗai ne haka a duk ƙasar ga. Sai waya ta zo. Ka buɗe, ka ga ashe akwai wani a Shagari, akwai wani a Lambara. Ba suna, ba hwuska, sai hoton mota ko na zaki. Wanda nif fara haɗuwa da shi Auwal yac ce sunanai, a Sakkwato. Na ce mai mu sa kwaroron roba, sai yai dariya, yac ce shi ya yi min kama da mai cuta? Ni kuma ina zan saye? Mai kemis ɗin unguwarmu da Baba suke sahu ɗaya a masallaci. Bayan nan na neme shi, ya goge kainai daga wayar kamar ba a taɓa yin shi ba."

Ramla ta dafa gwiwarsa. Ba ta janye hannunta ba.

"Guda ɗaya ne na san sunanai na gaske. Tasi'u, a Lambara. Mai gyaran injin ban-ruwa. Mun shekara biyu." Ya sunkuyar da kai. "Ranar da za ni hwaɗa mai ya tai a gwada shi, ranar Saifuddeen ya ari wayar."

Ranar Talata Ramla ta ce wa shugabar makarantarsu haƙori ke damunta, ta shiga motar Sakkwato. Ta zauna a benci tsakanin mata masu goyo da tsofaffi, ba ta rufe fuska ba. Ma'aikaciyar jinya ta duba lambar, ta ce marar lafiyar ya zo musu a makare tun farko, jikinsa ya riga ya yi rauni, kuma tsayar da magani a irin wannan hali wasa da rai ne. Ta ba ta na wata guda, ta ce a kawo shi a duba shi. Ramla ta juye ƙwayoyin a gwangwanin man zafi da ta wanke, ta kai masa ranar Asabar, ya cusa a cikin matashin kai.

Kwana tara ya sha. A na goma Gwaggo ta fitar da shimfiɗarsa shanya, gwangwanin ya faɗo ya buɗe.

Da Ramla ta zo, Gwaggo ta tare ta a bakin ƙofa, idonta jawur. "Ke da ilminki, Ramla? Ke ba ki san maganin asibiti da shawara ba su haɗuwa ba? Mijin Hadiza na bayanmu allura guda anka yi mai, bai kai la'asar ba. So kike ki kashe min shi?"

"Ina maganin, Gwaggo?"

"Na ba Saifuddeen jiya da ya kawo gero. Allah shi yi mai albarka, shi ma yac ce kada in bari ko ɗaya ya shiga bakinai."

Ramla ta buɗe baki. Daga cikin ɗaki Sharhabilu ya kira sunanta. Ta shiga. Ya kama bakin hijabinta da yatsu kamar tsinken tsintsiya.

"Kada ki hwaɗa mata."

"Yaya, yunwa take kashe ka da ita, ba ta sani ba."

"Na sani. Amma ita kaɗai ta rage da ke cin tuwo kwano ɗaya da ni. Ita ke shafa min kai. In ta ji, ita ma za ta wanke hannu da sabulu. Ki bar min ita, Ramla. Don Allah."

Ta bar masa ita. Wannan ne abin da ta kasa yafe wa kanta daga baya.

A Bodinga Alhaji yana jiranta a zaure, gwangwanin a gabansa, babu komai a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya mare ta sau ɗaya, ɗan kunnenta ya cire ya faɗi ƙasa.

"In kin ƙara taka asibitin ga da sunan gidana, na yafe ki. Duniya da lahira."

Ta durƙusa ta ɗauki ɗan kunnenta, ta miƙe. "Baba, ranar da anka tambaye ka ran Sharhabilu, albasa za ka nuna?"

Ya sake ɗaga hannu, sai aka yi sallama a waje. Nan take fuskarsa ta sake, ya amsa da fara'a. Maƙwabci ne ya zo tambayar mai jiki. "Da sauƙi, da sauƙi," in ji Alhaji. "Ka san shawara, sai a hankali."

A cikin gida Inna ta gasa mata kunci da tsumma. "Ni mace ce, Ramla, mi zan iya? Kullum ina mai addu'a. Wataƙila wahalar ga ita za ta wanke shi wurin Ubangiji."

"Ki je ki gan shi, Inna. Sau ɗaya."

"Zuciyata ba ta iya ɗauka."

Damina ta sauka. Hanyar Mandera ta zama taɓo, masu mashin suka riƙa sauke fasinja a tsallaka da ƙafa. Ramla ta ci gaba da zuwa, takalmi a hannu. Ta koma asibiti duk da barazanar Alhaji, ta amso wata robar, amma yanzu Gwaggo tana zazzage jakarta a bakin ƙofa, cikin raha, tana cewa, "'Yar boko, mi kika ɓoyo yau?" Ta gwada kawo dafaffen ƙwai a cikin zani, Gwaggo ta ji warinsa. Ƙwaya ɗaya tak take iya ba shi, ranar Asabar, daga cikin ƙullin ɗankwalinta, kuma ta san ƙwaya ɗaya a mako ba magani ba ce.

Ya daina fitowa inuwar darbejiya. Ƙuraje suka fito masa a wuya da baya. Wani farin abu ya lulluɓe harshensa har maƙogwaro, haɗiyar kunu ta zama aiki. Gwaggo ta ƙara rawaya, ta koma sau uku a rana. Ita ma ta rame, don ta daina sa mai a miyarta, wai kada ƙamshi ya dame shi. Saifuddeen yakan zo da buhun gero, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce, "Ya jiki?" ya juya. Wayar Sharhabilu tana aljihunsa da sabon layi, da ita yake ciniki.

Wata Asabar Ramla ta iske Gwaggo tana wanke shi a tsakar ɗaki kamar jariri. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya. Tsohuwa mai shekara saba'in ta ɗaga namiji ɗan shekara ashirin da takwas da hannu ɗaya. Ramla ta jira har aka kwantar da shi, ta ja Gwaggo zuwa bayan rumbu.

"Gwaggo, ba shawara ba ce."

"To mi ce?"

"Ƙanjamau ce. Baba ya sani, Inna ta sani, Saifuddeen ya sani. Ƙwayoyin da kika ba Saifuddeen su ne maganinta. Da yana sha, yana cin nama da ƙwai, da yanzu yana kan kekenai yana ɗinki."

Gwaggo ta dafa rumbu. "Ina yas same ta? Yaron da ko budurwa bai taɓa yi ba?"

Ramla ta dube ta ido cikin ido, ta faɗa mata. Ba ta rage ba, ba ta ƙawata ba.

Tsohuwa ta zauna a ƙasa, cikin jiƙaƙƙen yashi. Ta yi istigfari ya fi sau ashirin. Ramla ta tsaya tana jiran a nemi sabulu. Can Gwaggo ta ɗago.

"Wancan tsakaninai da Ubangijinai ne, ni ba a aiko ni ba. Amma yunwar ga, ni anka sa. Wata biyar, Ramla. Yana kallon kajina yana haɗiyar miyau, ina ce mai haƙuri. Sani ya rasa hannun da za ya kashe ɗanai da shi sai nawa?"

Ta miƙe, ta ɗauki tukunyar rawaya ta maka da ƙasa. Ta bi babbar kazarta har cikin kara, ta kamo ta, ta miƙa ta kan darni maƙwabci ya yanka. Ta soya ta da man shanun da ta ɓoye tun bazara, ƙamshi ya cika gidan. Ta shiga ɗaki da kwano, ta zauna, ta ɗora kan Sharhabilu a cinyarta.

Ya ga naman, ya ga fuskarta, ya juya ya kalli Ramla. Ya gane.

"Gwaggo..."

"Yi shiru. Buɗe baki, ɗan nan."

Ta yagi tsoka ƙarama, ta murje ta da yatsa, ta sa masa. Ya tauna, ya tauna, hawaye na bin gefen kunnensa. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, maƙogwaro ya ƙi. Ta tara hannu ya mayar mata a tafinta. Ba ta goge hannun ba. Da shi ta ci gaba da shafa masa kai. Ramla ta daka ƙwaya a cokali da ruwa, rabi ya shiga, rabi ya biyo haɓa.

Da safe suka samo motar a-kori-kura da ta kawo taki, suka shimfiɗa shi a baya a kan tabarma, suka nufi asibiti. Ba su kai kwalta ba. Motar tana kokawa da taɓo, Gwaggo tana riƙe da kansa, ta ce wa Ramla, "Ce ma direba shi bi a hankali. Ba sauran sauri."

An yi masa sutura a Bodinga, mutane sun cika ƙofar gida. Alhaji ya zauna a kan darduma da carbi, yana amsa gaisuwa da muryar da ta dace. "Shawara ce. Mun yi iya ƙoƙarinmu." Masu ta'aziyya suna girgiza kai, suna cewa haka take, ba ta da tabbas. A cikin gida Inna ta suma sau biyu, mata suna yaba irin son da take wa ɗanta. Gwaggo ta zauna a lungu, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, kuma ta ƙi shan ruwan gidan.

Ranar uku Ramla ta kawo faranti na gumba bakin zaure don a fitar wa maza. Daga bayan labule ta ji wani dattijo yana gabatar da kansa, ya ce daga Lambara suke, ɗansa ne ya matsa sai sun zo, wai marigayin yana yi masa ɗinki. Ta ɗaga labulen kaɗan. A gefen dattijon wani saurayi yana zaune, baƙin mai a ƙarƙashin faratansa, riga tana lilo a jikinsa, yana danne tari da hannu. Ɗinkin wuyan rigar na Sharhabilu ne.

"Shi ma Tasi'un ga haka muke fama," in ji dattijon. "Wata uku yana ramewa. Da munka ji naku, sai na ce ma uwatai, to wallahi shawara ce, ita ke yawo bana. Mun dai hana shi mai da nama. An ce 'yar'uwarka ta Mandera na da magani?"

Saifuddeen ya dubi saurayin, ya dubi mahaifinsa. Ya karanta wayar har ƙarshe, ya san sunan, kuma tun ranar ya faɗa wa Alhaji. Alhaji ya ja carbinsa guda ɗaya.

"Tana da shi ƙwarai," ya ce. "Saiwar rawaya, safe da yamma. Ku dai kiyaye shi da asibiti."

Ramla ta aje farantin a ƙasa. Ta gyara hijabinta, ta ture labulen, ta fita tsakiyar maza, inda mace ba ta fita.

"Ramla!" in ji Alhaji. "Koma ciki."

Ba ta kalle shi ba. Ta durƙusa a gaban dattijon kamar yadda ake gaida manya.

"Baba, ka ba ɗanka nama yau. Gobe da sahe ka kai shi asibiti a auna jininai, ni zan jira ku a tasha in raka ku. Rawaya munka ba namu wata biyar. Shekaranjiya munka binne shi."

"Na yafe ki," in ji Alhaji. "Kowa shi shaida, na yafe ta."

Daga bayan labule muryar Gwaggo Mairama ta fito, a bushe, yadda duk wanda ke wurin zai ji.

"Yafe ta, Sani. Ina da ɗaki. Ka san shi, inda Sharhabilu yak kwanta, wanda kas sa nim mai da kango."